Na sayi kati kafin in buɗe kesin

Kuɗin alawus ɗina na SIWES ne, da ɗan abin da nake samu wajen buga wa 'yan ajinmu asaimen. Wata biyar ina tarawa, har na daina cin tsire da daddare, duk don in saka wa kwamfutata katin girafik. A gida na ce saboda AutoCAD ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma duk wanda ya san ɗakinmu ya san GTA V da ƙwallo ne suka hana ni barci.

Kwamfutar irin ta ofis ce, tokumbo, siririya, wadda ake kwantarwa a ɗora monita a kanta. Furosesa Core i5 ne na ƙarni na 4, RAM gig 8. Rubutu da lissafi ba ta da matsala, amma da ka buɗe gem sai mutane su riƙa tafiya kamar masu ciwon gwiwa.

Mako uku na yi ina kallon YouTube, sai na tsayar da rai a kan RX 580 na kamfanin AMD, mai gig 8. Tun 2017 ya fito, amma har yanzu da sauran ƙarfinsa, kuma tun da aka daina haƙar Ethereum da irin waɗannan katuna a watan Satumba na 2022 suka cika kasuwa da araha. Na haddace yadda yake jan kowane gem. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban taɓa kwance murfin kwamfutar tawa na leƙa ciki ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwa na sayo shi, fanka biyu, nauyi kamar bulo. Na dawo ɗaki 'yan kallo sun taru. Muka kwance kesin, na kai katin bakin gurbinsa, wato dogon ramin nan na PCIe da ke kan madabod. Ramin dai daidai yake, domin kusan duk katunan zamani shi suke shiga. Amma katin ya fi kesin tsayi nesa ba kusa ba, ƙarfen bayansa ya ƙi zama, gindinsa kuma yana tokare da wurin hadis. Wani ya ce, "Baaba, bar murfin a buɗe kawai, ai iska ma za ta fi shiga." Da harmatan ɗin garin nan? Duk da haka na yarda, don idona ya rufe.

Sai ga matsala ta biyu. A saman katin akwai wurin fulogi mai fil 8, na lalube wayoyin cikin kwamfutar kaf ban ga mai shiga wurin ba. Abokina ya ce akwai 'yar waya da ake sayarwa, tana ɗauko wuta daga fulogin SATA na hadis ta kai wa kati. Washegari na saye ta, kuɗinta bai kai na shinkafa da wake faranti biyu ba.

Allah ya taimake ni na biya ta wajen wani mai gyara da ke bakin get don in ari sukundireba. Dattijo ne, ba ya son yawan magana. Ya karɓi wayar ya juya ta, ya ce in ɗauko masa kwamfutar. Ya haska tocilan a jikin akwatin da ke raba wuta, wanda su suke kira fawa-fak, ya ce, "Ɗana, karanta min nan." Na karanta: wat 240.

Nan ya yi min lissafin da ya kamata in yi tun wata biyar baya. Ramin PCIe wat 75 kawai yake iya bayarwa. Katin da ke buƙatar fiye da haka dole ya samu wuta ta fulogi: mai fil 6 yana ƙara wat 75, mai fil 8 kuma wat 150. RX 580 shi kaɗai yana shan wajen wat 185, shi ya sa ake ba da shawarar fawa-fak mai wat 500. Nawa 240 ne, kuma a ciki furosesa da hadis da fankoki za su ci nasu. Wayar SATA kuwa an yi ta ne ta ɗauki wajen wat 54. "Idan ka yi sa'a," in ji shi, "kwamfutar za ta riƙa mutuwa da ka fara gem. In ba ka yi sa'a ba wayar ta narke, ta tafi da madabod." Gabana ya faɗi, domin furojet ɗina na ND II yana cikin hadis ɗin nan, kuma ban da kwafi a ko'ina.

Na ce to a canza fawa-fak mana. Ya nuna min fulogin da ke shiga madabod: ba irin mai fil 24 da aka saba gani ba ne, na kamfanin ne na musamman, kuma babban fawa-fak ba shi da wurin zama a kesin. Wato in ina son katin nan, kusan sabuwar kwamfuta zan haɗa. Ya ƙara da tambayar monitata. VGA ce kawai da ita, katin kuma ba shi da VGA, sai HDMI da DisplayPort da DVI na dijital. Wannan ma sai an sayi kwanbata.

Mai shago ya ƙi mayar min da kuɗi, kuma gaskiyarsa ne, kayansa lafiya ƙalau. Bayan magiya muka yi musaya da GTX 1650 gajere, irin wanda aka ƙera don siraran kesin, mai gig 4, wanda wutar ramin kaɗai ta ishe shi. Gajerun sun fi wuyar samu, saboda haka ni na yi ciko, da kuɗin da na ware na handawut. Sai da na tsaya aka kunna shi a gabana, muka buɗe GPU-Z na ga sunan da girman memori sun dace da abin da ke jikin kwali, sannan muka bar gem yana gudu minti 20 ina taɓa kesin.

Har yau wani lokaci ina jin haushin gig 8 da suka koma 4. Amma GTA V yana tafiya sumul a 1080p, AutoCAD ya daina daskarewa, kuma da na duba sai na ga furosesan ne ma yake fara cika a sababbin gem, ba katin ba. Ƙaramin janaretan da muke karo-karon mai shi ma bai yi gardama ba.

Wayar SATA ɗin tana nan cikin loka. Makon jiya wani ɗan ND I ya zo aronta, na ce ya fara zuwa ya karanto min abin da aka rubuta a jikin fawa-fak ɗinsa. Har yanzu bai dawo ba.