Tsakanin Ma'auni da Ma'auni

Akwai wata kalma ta Ingilishi da ta daɗe tana ba mu wahala wajen fassara, musamman mu da muke koyar da Hausa a wannan sashe na ƙasa inda Ingilishi ne ke haɗa mu da maƙwabta. Kalmar ita ce instrument. Asalinta daga Latin ne, daga wani aikatau mai ma'anar shiryawa ko tanadi, watau duk abin da mutum ya tanada domin gudanar da wani aiki. Daga wannan ɗan tushe ta yi rassa, har ta kai ga makaɗi yana kiran gangarsa da ita, likita yana kiran askarsa, matuƙin jirgin sama yana kiran agogunan da ke gabansa, lauya yana kiran takardarsa, ma'aikacin banki kuma yana kiran cek. To, shi Bahaushe yaya zai ce?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce kayan aiki, kuma ba laifi, sau da yawa takan fitar da mai fassara kunya. Amma fa mai karatu ya lura, ita kalmar kaya buhu ce wadda ba ta ƙin komai. Akwai kayan miya da kayan ɗaki da kayan lefe, akwai kayan ciki da kayan yaƙi, har ma da kayan haushi da kayan takaici, waɗanda ba a iya ɗaure su da igiya. Kalmar da ta ɗauki kuka da daddawa ta kuma ɗauki hanta da huhu, lalle ba za ta iya bambanta mana askar likita da fartanya ba. Mu a ganinmu, yawan fakewa da ita lalaci ne. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da ɗimbin sunayen kayan sana'a, kowane da gurbinsa. Maƙeri yana da masaba da awartaki da zugazugi da uwar maƙera, masaƙi yana da ƙoshiya da allira, baduku yana da basilla, wanzami yana da aska da ƙaho. Yau sai ka tarar da ɗalibin Hausa na aji huɗu wanda bai san awartaki ba, duk ya tattara su ya zuba a buhun kayan aiki.

A fagen kiɗa abin ya fi fitowa fili. Bature yakan haɗa ganga da sarewa da molo ƙarƙashin suna guda, shi kuwa Bahaushe tun farko ya raba kiɗa da busa, sa'annan ya ba kowane abin kiɗa mai shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera ce, shantu na mata ne, tambari da kakaki kuwa na sarki ne, talaka komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki. Saboda haka da jin sauti daga nesa mutanen gari sun san ko wane ne ke tafe, ko kuwa wace sana'a ce ke biki. Ames da King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, ba su tsaya ga siffar kayan kawai ba, sai da suka haɗa da masu kaɗawa da waɗanda ake kaɗa wa, domin kuwa ba yadda za a yi bayanin kotso ko taushi ba tare da an ambaci fada ba. Ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya guda, amma wanda ya ce masa kayan aiki ya rage masa daraja.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne Hausa tana da maƙerarta ta ƙera irin waɗannan sunaye, muka bar wutar ta mutu. A ɗauki aikatau, a sa masa ma- a gaba, a ƙare da -i: buɗe ya ba da mabuɗi, duba ya ba da madubi, girba ya ba da magirbi, dogara ya ba da madogari, kama ya ba da makami. Larabci ma yana da irin wannan tsari, kuma abin sha'awa, da harafin mim yake farawa, shi ya sa almakashi da mizani da muka aro daga can suka zauna a bakinmu kamar 'yan gida. Da kayan zamani suka iso, maimakon mu koma wannan maƙera, sai muka rungumi na'ura, wadda a Larabci sunan wani babban gargare ne mai ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda birnin Hama na ƙasar Sham ya yi suna da su. Daga nan komai ya zama na'urar kaza, wani lokaci sunan ya yi tsawon da sai mai karanta labarai ya ja numfashi a tsakiya. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta sha fama a rediyo shekara da shekaru, a ƙarshe mutane suka ce kwamfuta suka huta. Ma'aunin zafi kuwa ya zauna daram, don an ƙera shi da ƙarfen gida.

Sai kuma inda kalmar ta rabu da ƙarfe da itace ta koma takarda. Takardar miƙa wuya da Japan ta sa wa hannu ranar 2 ga Satumba, 1945, a cikin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri, da wannan kalma Bature ya kira ta. Haka nan idan gwamna ya miƙa wa sabon sarki takardar naɗi da sanda. A nan babu batun kayan aiki, sai dai takardar yarjejeniya ko takardar shaida, ko kuwa kayan sarauta idan ana nufin irin tagwayen masu na Kano ko takobin nan Gajere na Katsina. Ɗalibanmu sukan ci karo da ita a babi na uku na kundin digiri, sai su rubuta kayan aikin bincike, alhali abin da ke hannunsu takardar tambayoyi ce da rikoda. Mukan ce su kira kowanne da sunansa.

Ma'ana ta ƙarshe ita ce mai nauyi, watau inda mutum da kansa ya zama abin da ake aiki da shi. Wani marubucin Rum mai suna Varro, a littafinsa kan noma na shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa kayan gona gida uku: marasa murya kamar amalanke, masu rabin murya kamar shanu, da masu magana, watau bayi. Ke nan a wurinsa bawa da garma buhu guda suke, bambancinsu baki. Bahaushe bai rasa hanyar faɗin wannan ba, sai dai shi yakan faɗa da zambo. Yakan ce wane karen farautar wane ne, ko an mai da shi tsani, ko ɗan amshin Shata ne, wanda aikinsa kawai maimaita abin da aka faɗa. Duk wanda ya ga yadda ake kwasar samari a motoci lokacin zaɓe, a ba su na shan ruwa da gora, a manta da su da zarar an rantsar da mai gida, ya san cewa rabon da Varro ya yi bai mutu tare da shi ba. Ko mu malamai ba mu tsira ba, domin akwai mai alƙalami da yawa da alƙalamin wani ne.

Nahawun Hausa ya ajiye wannan bambanci a wuri mai siriri ƙwarai. Ita ma- ɗin nan da ke ƙera sunan abin aiki, ita ce kuma ke ƙera sunan mai aikin, kamar maƙeri da maɗinki da manomi. A kasuwar hatsi, kwanon da ake awo da shi ma'auni ne, mutumin da ke tsugune yana awon shi ma ma'auni ne, wurin kuma ma'auna. Abin da ya raba kwano da mutum karin sauti ne kawai: a sunan kwanon murya tana sama daga farko har ƙarshe, a sunan mutumin kuwa takan sauka a gaɓa ta biyu kafin ta sake hawa. Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, don haka a kan takarda su biyun haruffansu guda. Idan muka rubuta a allo cewa an canza ma'auni, muka ce wa ɗalibin da ya tashi a Legas ko Fatakwal ya karanta, sai mun kasa kunne ga gaɓa ta biyu kafin mu san ko kwanon aka sauya ko kuwa mutumin aka sallama.