Gidan Ɗan Hausa da Ruwan Damina

Wanda duk ya shiga Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, zankwaye da zanen bango ne za su fara ɗauke masa ido. Ni kuwa da na je, indararo na tsaya dubawa, don a nan ran gidan yake.

A nan ne Hanns Vischer, Baturen da aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko cikin 1909. Ginin ƙasa ne, an jera azara an daɓe ƙasa a bisa. Irin wannan soro ruwa ke cinye shi tun kafin tsufa. In indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwana a kai, sai azara ta jiƙe, gara ta samu ƙofa.

Maginan da sun san maganin abin. Kafin ruwan fari sukan hau su share, su cike tsaga, su shafe rufin da laso na katsin marina, bango kuwa da makuba. Yanzu a tsofaffin gidaje da dama siminti ake laftawa, alhali yana tsare laima a ciki, har wata rana ya ɓamɓaro da rabin bangon.