Daga Tiken Mubi Zuwa Tukubar Legas



Bayan Babbar Sallar bana ƙungiya ta tura ni Legas in kai gaisuwar ta'aziyya ga iyalan wani ɗan uwanmu da Allah ya yi wa rasuwa a Agege, in kuma sabunta rajistar membobinmu da ke can. Rahoton kuɗi da jerin sunaye tuni na miƙa wa shugabanni. Abin da zan faɗa yanzu bai shiga rahoto ba, amma ya tsaya mini a rai tun da na dawo, shi ya sa na kawo shi nan.

Bari in fara da laifina. Ina da ɗa a Legas, ɗan yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da ya gama sakandare ni na saya masa fom ɗin shiga foli, domin burina ya riƙe takardar difloma kamar yadda na riƙe. Yaron ya ƙi, ya bi abokansa Legas yana acaɓa. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, sai ya sayar da babur ɗin da asara, ya kama yi wa wani Bakatsine mai tsire yaranta. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni labarinsa sai in ce yana kasuwanci a Legas. Kalmar tsire ba ta taɓa fita daga bakina ba. Kunya nake ji.

Daga Mubi muka bi ta Hong da Gombi da Song muka sauka Yola, daga nan na hau doguwar mota. Duk tsawon hanyar tirelolin shanu muke wucewa, wasu kuma su wuce mu. Da yawansu daga Tike aka yi musu lodi, shanun da ake korowa daga Kamaru da Chadi, waɗanda muke ganin ƙurarsu duk ranar kasuwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina kallon tashinsu, ban taɓa tambayar kaina inda suke ƙarewa ba.

Washegarin isata, bayan asuba, yaron ya ce, "Baba, zo ka raka ni sayen nama." Muka tafi mayankar Oko-Oba da ke Agege. A can na ji ana Fulatanci irin namu, na ga fuskokin da na sani a Tike. Ya zaɓi cinya, ya duba ta ciki da waje, ya yi ciniki da Yarbanci kamar a can aka haife shi. Da hantsi ya zauna yana feɗe naman fale-fale, yaransa biyu suna tsirewa a tsinke. Ƙuli-ƙulinsa daga gida ake aiko masa, ya daka shi da citta da barkono da masoro da kanumfari, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa awon haɗin. Bayan la'asar aka hura tukuba.

Na zauna a benci daga magariba har kusan sha biyun dare. Ma'aikatan banki da rigunan aiki, matan Yarbawa da gwaggwaro, Ibo 'yan kasuwa, duk suna layi. Wani ya faka mota ya sayi na dubbai, ya kira shi da sunansa na yanka, ba aboki ba. Ranakun Asabar kuma ɗaukarsa ake yi zuwa manyan bukukuwan nan da suke kira owambe, ya kafa tukubarsa a gefen masu amala da dafa-duka. A daren nan na gane daga ina kuɗin sabon rufin ɗakin mahaifiyarsa ya fito, rufin da ni mai difloma na yi shekara biyu ina alkawarin canzawa.

Wani dattijo ɗan Gude da ya haura shekara talatin a Agege ya ce mini, "Malam Sakatare, mu ba baƙin jiya ba ne a garin nan." Gaskiya ya faɗa. Tun 1863 Bature Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Najeriya. Fataucin goro ya zaunar da Hausawa a Agege, jirgin ƙasa da layinsa ya isa Kano a 1911 ya ƙara yawansu. Yau ɗaya daga cikin wuraren tsiren da suka fi suna a Legas yana Ikoyi, a titin da ke ɗauke da sunan Glover, ga kuma na Obalende da kowa ya sani. A farkon 2025 ƙamus ɗin Oxford na Ingila ya shigar da kalmar suya cikin Turanci, kamar yadda ya shigar da Kannywood a 2020. Abin da nake ɓoyewa a Mubi, ashe har ya shiga ƙamus.

Ran Lahadi da yamma suka kai ni gidan dambe. Kalangu na tashi, 'yan Kudu a gefe, 'yan Arewa a gefe, kowa ya naɗe hannu yana kirari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne 'yan kallo. Ba mu kaɗai ba ne: na ga samarin Yarbawa sun biya kuɗin ƙofa, sun san sunayen 'yan wasa, sun san turmi nawa ake yi, in an yi kisa su riga mu ihu. Wasu na ɗauka da waya suna sawa a YouTube da Facebook.

Kwana biyu kafin in dawo, yaron ya bar tukuba a hannun yaransa ya zagaya da ni. Mun wuce babban ɗakin wasannin ƙasa na Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Mun shiga Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Inda aka taɓa tsare mutane, yanzu dandamalin wasan kwaikwayo ne da rumfunan abinci. A kasuwar kayan hannu ta Lekki na ga jakunkuna da takalman fata da titimi irin na dukawanmu, Turawa suna taya su da farashin da in na faɗa a gida za a ce ƙari na yi. Daga ƙarshe muka je bakin teku. Ni da babban ruwan da na saba gani shi ne Yedzaram in ya cika da damina, sai na tsaya ina tasbihi. Ko a can ɗin, samarin da ke jan dokuna suna ɗora mutane a biya su, da Hausa muka gaisa.

Kada wani ya ɗauka yabon Legas na zo yi. Akwai wuraren nishaɗin da ɗan Musulmi mai kunya ba zai leƙa ba, kuma mun san wasu yaranmu sun ɓace a cikinsu. Da yawa daga cikin masu tsire da masu shayinmu ba su da takardar wurin da suke zaune, yau suna nan, gobe an tashe su. Wasu a kan benci suke kwana. Wasu har yanzu a tsohuwar jarida suke naɗe nama, ƙuda na bi, abin da ke ja wa sana'ar baki ɗaya raini.

Amma abin da ya fi taɓa ni a gidan makoki ya faru. Matan unguwa suka dama kunun gyaɗa irin namu na Adamawa, mai shinkafa da tsamiya, aka kawo mana a zaure. Ɗan marigayin, yaro mai kamar shekara tara, ya miƙo mini kofi. Na tambaye shi da Hausa sunan abin da ya kawo, ya yi shiru. Na sake da Fulatanci, ya dubi yayarsa, ta fassara masa da Turanci. Mahaifinsa ya tafi, kuma da shi aka binne harshen da yaron zai gaisa da kakarsa a Mubi.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin namu garin. Mu da muka tashi a Mubi mun ga dandali, mun ga kokawa bayan kaka, mun ga rawar Fali da ta Gude da ta Njanyi a ranakun biki. Tun da garin ya faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 muka watsu, aka ƙwato shi a Nuwamba muka dawo. Kasuwa ta farfaɗo, makarantu sun buɗe, amma taron yamma bai koma yadda yake ba. Samarinmu sun fi sanin 'yan damben gida ta waya.

Don haka zan gabatar da shawara uku a taron wata mai zuwa, ina roƙon ku zo da ra'ayinku. Na ɗaya, reshenmu na Legas ya haɗa masu tsire da masu shayi wuri guda, su nemi takardun wurin sana'a a ƙungiyance, a kuma ja hankalinsu kan tsafta. Na biyu, a samu malami ko malama da za ta riƙa zama da yaran membobi ranar Asabar tana koya musu Hausa da harshen iyayensu, ƙungiya ta ɗauki nauyin alawus. Na uku, mu nemi izinin masarauta da hukuma mu shirya yini guda a Mubi bayan kaka, na abincin gargajiya da kokawa da baje kolin masu sana'ar hannu, a tashi kafin magariba. Na san akwai masu ganin kuɗin asusu na marasa lafiya da marayu ne kawai. Hujjarsu mai ƙarfi ce, shi ya sa nake ganin na ukun a nemi masu ɗaukar nauyi daga waje, kada a taɓa asusu.

Daren da zan taho, na buɗe littafin rajista a kan bencin ɗana. A gurbin sana'a, da hannuna na taɓa rubuta masa "kasuwanci". Na soke, na rubuta "mai tsire". Ya leƙa ya gani, bai ce komai ba, sai ya ƙara ƙunshin kilishi ɗaya a jakata ya ce in kai wa babansa.

Allah ya jiƙan ɗan uwanmu, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a sana'ar kowa. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Mubi