Bangon Kaset, Bangon Unguwa

Bahaushe yana kiran garun ɗaki bango, yana kuma kiran marfin littafi ko na kaset bango. Duk biyun aikinsu ɗaya ne, su ne ido yake fara cin karo da su kafin a san abin da ke ciki. Duk wanda ya taka daga kasuwa zuwa Angwan Lambu a Keffin nan ya san bangayenmu ba sa shiru. Ga sanarwar maulidi, ga ta walima, ga tallar maganin basir, ga fuskar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe tun tuni amma har yau yana yi mana murmushi. Abin da ke damuna shi ne, a 'yan shekarun nan duk sun koma kama ɗaya. Rubutu iri ɗaya, launin zinare iri ɗaya, fure iri ɗaya a kusurwa. In ka cire suna, ba ka iya raba sanarwar saukar karatu da ta buɗe shagon sayar da waya.

Ni a cikin sana'ar nan na tashi, shi ya sa abin yake tsaya mini a rai. Lokacin da na shiga koyon aiki, kayanmu ba su wuce almakashi, gam, rula, reza da biro mai kaurin baki ba. Mai waƙar bege zai zo da hotonsa guda na situdiyo, ya ce yana son bangon kaset ɗari. Sai maigidana ya yanke hoton a hankali, ya manna a farar takarda, ya zana masa kewaye irin na zayyanar allo, ya rubuta sunansa da hannu, boko a sama, ajami a ƙasa. In ana son manyan haruffa kuma hannu ya gaji, sai a ɗauko tsohuwar jarida a yanko su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai injin fotokofi. In tawada ta yi ƙasa, fuskar mawaƙin ta fito kamar ya sha hazo, a haka za a naɗe a cusa cikin kwalin kaset. Amma fa ko daga nesa ka hango, ka san aikin shagonmu ne, ba na wani ba.

Kwanakin baya wani ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa ya kawo mini aiki, muna hira ya nuna mini wasu hotuna a wayarsa. Ya ce, "Baba, kun san abin da kuka riƙa yi da almakashi, Turawa karanta shi suke yi a jami'a?" Hotunan na wani salon kiɗa ne da ake kira pank, wanda ya yi tashe a Ingila da Amurka wajen 1976. Matasa ne da ke jin an manta da su, ga rashin aiki ga tsadar rayuwa, suka ɗauki jita ko ba su ƙware ba suka hau yi wa manya ihu. Ba tarbiyyarsu nake yabo ba, don akwai rashin kunya a ciki da ba za mu lamunta a gidajenmu ba. Takardunsu ne suka ja hankalina. Wani ma'aikacin banki mai suna Mark Perry ya fara fitar da 'yar mujallarsa a Landan a 1976, da keken rubutu da alƙalami da fotokofi kawai. Shi kuwa Jamie Reid, mai yi wa ƙungiyar Sex Pistols zane, a 1977 da Sarauniya Elizabeth take bikin cika shekara 25 a kan gado, ya ɗauki hotonta ya rufe ido da bakin da haruffan da ya yanko daga jarida. BBC ta hana sa waƙar, amma hoton ya zaga duniya.

Na daɗe ina kallon haruffan nan, babba kusa da ƙarami, wani ya karkace. Na ce wallahi wannan ai hannun maigidana ne! Su sun yi ne don tsokana, mu mun yi don babu, amma tushen ɗaya ne: mutumin da babban kamfani ba zai buga masa ba ya ce to, ni zan buga da kaina.

Ba sai an je Landan ba ma. A Legas, Lemi Ghariokwu ya fara zana wa Fela Kuti bangon faifai a 1974, ya zana masa har 26. Yakan cika bangon da mutane da 'yan rubuce-rubuce, sojoji a nan, talakawa a can, yadda wanda bai ji waƙar ba ma ya gane da wa ake. A cikin Fabrairun 1977, shekarar da ake rigimar hoton Sarauniya, sojoji suka ƙone gidan Fela. Ka ga ke nan waƙa da bangonta ba abin wasa ba ne a wajen mai mulki.

Namu na Hausa kuwa a Kano ya fi fitowa fili. Da manyan maɗaba'u suka yi sanyi a shekarun 1980, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Takardar mai araha ce, bangon kuma sau da yawa zanen hannu ne, budurwa ta yi tagumi, saurayi ya jingina da mota. Wasu masana suka raina su, suka kira su adabin kasuwar Kano. Ɗaya daga ƙungiyoyin marubutan kuwa sunanta Raina Kama, kuma kowa ya san ƙarashen karin maganar. Da fim ɗin bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, sai fastoci suka cika shagunan haya. Wa zai manta fastocin marigayi Rabilu Musa Ibro? Tun kafin ka biya kuɗin haya ka fara dariya a bakin shago. Daga Kano kayan nan suke sauka Keffi, mu kuma mu tsaya muna nazarin yadda aka jera fuskoki don mu kwaikwaya.

Su ma sun ɗanɗani fushin hukuma. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, a shekarar kuma aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa na bidiyo. A 2009 aka haramta wasu waƙoƙi, har da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wanda ake kira Ziriums. Sai dai a lokacin waƙa ta riga ta koma yawo daga waya zuwa waya, ba kaset ba kwali. Hukuma ta rasa abin kamawa, mu masu zane kuma muka rasa bangon da za mu yi wa ado. Tun daga nan sana'ar ta fara sauya kama, har muka iso zamanin bana ta roba da zanen da aka riga aka tsara a cikin waya, kai dai ka sa suna ka tura.

Na san za a ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni ma da kwamfuta nake aiki yanzu, kuma ba na fatan komawa ga injin da ke cinye takarda. Abin da ke ba ni takaici daban ne. Turawan nan sun adana takardunsu. A 2016 babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya ya yi baje kolin tarkacen pank, 'yan takardun fotokofi a cikin gilashi, mutane na zuwa kallo. Namu fa? An naɗe tsire da su, an hura wuta da su, sauran gara ta ci. Maigidana ya rasu, kuma cikin ɗaruruwan bangayen da ya yi, guda huɗu kacal suka rage a hannuna. Jikokinsa ba su san irin hannun da Allah ya ba kakansu ba. Haka dattijon da ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin katako a tasha, yau ido ya yi rauni, ba kuma wanda ya ɗauki hoton aikinsa ko ɗaya.

Don haka roƙona biyu ne gare ku, jama'ar unguwa. Na farko, iyayenmu mata, kafin ku zubar da tsohuwar adaka ko akwatin da ke ƙarƙashin gado, a duba. In akwai kwalin kaset, ko katin biki na da, ko kalandar ƙungiya, ko littafin soyayya da bangonsa, a ajiye. Ni na ɗauki nauyin ɗaukar hotonsu kyauta in mayar wa mai shi kayansa. A cikin takardun nan akwai sunayen ƙungiyoyinmu, malamanmu da mawaƙanmu, tarihin zamanmu a garin nan da ba wanda ya rubuta a littafi.

Na biyu, ku samari masu zane a waya, hannunku ya fi namu sauri, Allah ya ƙara basira. Amma kafin ka sauko da furen da kowa yake saukowa da shi, leƙa makarantar allo ka ga zayyana, dubi aikin wuyan babbar rigar mahaifinka, dubi dagin da ke jikin tsofaffin soraye. Ka sa wani abu a aikinka da za a gani a ce wannan daga layinmu ya fito. Mu kuma masu ba da aiki, mu daina cewa "yi mini irin na wane", mu bar yaro ya gwada nasa, ko da harafi ɗaya zai karkace.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'ar hannunmu.