Idan Jikin Yaro Ya Yi Zafi a Hannun Mai Raino

A Ingila, macen da za ta riƙa rainon 'ya'yan mutane a gidanta don a biya ta, sai ta yi rajista, galibi da hukumar Ofsted. Za a binciki tarihinta, ta koyi taimakon gaggawa na yara, tana sabunta shi duk shekara 3. An ƙayyade mata yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu ƙanana sosai ba za su wuce 3 ba sai da dalili. Kafin uwa ta ajiye ɗanta ranar farko kuwa, sai ta sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma a cikinta akwai shafin rashin lafiya. Wannan shafin shi ya fi ɗaure wa matanmu da ke Ingila kai.

Yaron da ya yi amai ko gudawa ba zai dawo ba sai bayan awa 48 da tsayawar abin. Mai ƙarambau zai zauna gida aƙalla kwana 5 daga fitowar ƙurajen, har sai duk sun bushe, mai ƙyanda kuma kwana 4. Majina, ciwon ido da ƙwarƙwata ba su hana zuwa a jagorar hukumar lafiya ta UKHSA, ko da yake wasu masu rainon kan ƙara nasu sharaɗin. Zazzaɓi kuwa ba a kintatarsa, ma'auni ake sakawa. Idan ya nuna digiri 38, waya ake ɗauka.

Ki ƙaddara mace ce daga Kano tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Birmingham. Tana tsaka da aiki sai waya ta shigo, murya a tausashe, ba faɗa ba ɗaga harshe: yaro ya yi amai sau biyu, a zo a ɗauke shi yanzu. Kuɗin rainon ranar da na kwana biyun da za su biyo baya, yawanci sai ta biya, domin gurbin ɗanta aka riƙe mata. Doka ta ba ta damar barin aiki saboda lalurar gaggawa ta iyali, amma ba ta tilasta a biya ta ladan lokacin ba. Mahaifiyarta da za ta karɓi yaron tana can Gwammaja, iyakarta ta ce ta WhatsApp, "Haƙori ne, 'yar nan, ki kwantar da hankalinki." Shi ya sa wasu iyayen, Turawa da baƙi, kan ɗura wa yaro maganin zazzaɓi na Calpol da safe su kai shi jiki a sanyaye. Masu raino sun san wannan dabarar sarai, don da rana ta take, magani ya sake shi, sai zazzaɓin ya dawo.

A gida Najeriya, tambayar "a mayar da shi ko a bar shi" ba ta cika tasowa ba, domin yaron yana gida tun farko. Yana hannun kakarsa, ko gwaggonsa, ko abokiyar zaman uwarsa, ko maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su. Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta jiƙa tsumma ta goge masa jiki, ta saɓa shi a baya ta ci gaba da tankaɗe. In abin ya ɗan yi yawa ta aiki yaro kemis. Da yamma uwa ta dawo, sai ta ji, "Maman Abba, yau dai mutumin bai ji daɗin jikinsa ba, amma da sauƙi." Mace ta aika wa 'yar'uwarta cewa ta zo ta ɗauki ɗanta don ba shi da lafiya, wannan a wurinmu rashin kara ne, ana iya shekara ana maganarsa.

Ina ƙaunar wannan halin namu, kuma babu takardar da za ta maye gurbinsa. Sai dai idon mai rainonmu a kan yaro ɗaya yake, wanda ke kwance. Mai rainon Ingila kuwa tana duban sauran biyar ɗin da ke wasa a ƙasa, har da jaririyar da ba ta kai a yi mata allurar ƙyanda ba. Yaran da ke shan ruwa a kofi ɗaya, suna hawa fo ɗaya, suna barci a tabarma ɗaya, gudawar ɗaya tasu ce duka kafin mako ya zagayo. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Su ma nan ba su tsira ba: a farkon 2024 ƙyanda ta bazu a Birmingham da kewaye har hukuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar ƙasa. Wani amfanin takardar kuma shi ne ta sauke wa mai raino nauyin kunya. Ba ita ta ƙi ɗanki ba, ke da ita kuka sa hannu tun ana lafiya.

Yanzu da gidajen raino ke ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, saboda malaman asibiti da ma'aikatan banki da malaman makaranta da ba su da kaka a kusa, ina ganin ƙa'idar awa 48 ta cancanci a ɗauke ta yadda take. Haka ma sharaɗin cewa ba a ba ɗan wani magani sai da rubutaccen izinin iyayensa.

Batun zazzaɓi ne ba zai kwafu ba. A Ingila, "ki kai shi gida ya huta" magana ce mai ma'ana, domin mafi yawan zazzaɓin yara a nan mura ce da ke wucewa da kanta. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kashewa. Ana so a gwada jinin yaro a fara magani cikin awa 24 da fara zazzaɓi. Farasitamol yana sanyaya jiki, ba ya taɓa ƙwayar cutar, kuma kalmar "haƙori ne" ta sha cinye wannan kwana ɗayan. Saboda haka shafin rashin lafiya na gidan raino a Kano ya kamata ya ɗauki sunan asibitin da ya fi kusa, da lambar mutum biyu bayan uwa, da izinin kai yaro gwaji ba tare da jira ba. Idan kuwa ya fara jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko komai ya sha sai ya amayar, ko numfashinsa na fita da sauri haƙarƙari na lotsawa, mai raino ta tare adaidaita sahu, ta kira uwar a hanya ta ce su haɗu a asibiti.