J Dilla: mai haɗa kiɗan da sunansa ya ɓace cikin "Ummah"

1/ Duk sanda aka tayar da musun wane ne gwanin gambarar zamani, masu riƙe makirfo ake jerowa. Ni yau mai haɗa kiɗa na kawo muku, J Dilla. Zaren zai ɗan yi tsawo, ku gyara zama.

2/ Sunansa James Yancey, an haife shi a Detroit ta Amurka a 1974. Wani makaɗi a unguwarsu, Amp Fiddler, shi ya fara koya masa sarrafa MPC, na'urar da ake yanko guntun tsohon faifai a ɗora masa ganga. Shi ne kuma ya haɗa shi da Q-Tip na A Tribe Called Quest a 1994.

3/ Lokacin ana kiransa Jay Dee. A 1995 ya yi wa The Pharcyde kiɗan "Runnin'" da "Drop". A 1996 ya sa hannu a "Stakes Is High" ta De La Soul. Yaro ɗan shekara 22 fa.

4/ Me ya bambanta shi? Na'urar tana iya daidaita maka kowane bugu ya sauka daidai kan layi, kamar sojoji a fareti. Dilla ya ƙi hakan. Sai ya sa wani bugun ya ɗan riga lokacinsa, wani ya ɗan makara, da gangan.

5/ Farkon jinka za ka ce kiɗan ɗingishi yake. Kafin ka ankara wuyanka ya fara kaɗawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a wajen biki ya san wannan jan da sakin. Dilla ya koya wa inji abin da hannu ke yi. Har Questlove, maganɗin The Roots, sai da ya sauya salon bugunsa saboda shi.

6/ To ga inda abin ke ci mini rai. Q-Tip da Ali Shaheed Muhammad da Dilla sun haɗu sun kira kansu The Ummah, wato al'umma. Suna mai daɗi, niyya mai kyau: kowa ya yi aiki, a rubuta sunan taro.

7/ Amma sunan taro wa yake yi wa amfani? Wanda aka riga aka sani. Mai sayen faifai ya ga The Ummah, Q-Tip zai faɗo masa a rai. Yaron Detroit da ke kwana a ɗakin ƙasa yana tace faya-fayai, babu mai tambayar sa.

8/ Abin haushi, da Beats, Rhymes and Life ya fito a 1996 wasu masoyan Tribe suka ce sauti ya canza, nan ne aka tuna akwai wani baƙo Jay Dee da za a ɗora wa laifi. Yabo na kowa, zargi nasa.

9/ Ko sunan ma bai tsira ba. Ana rikita Jay Dee da Jermaine Dupri, mai amsa JD. Ya koma J Dilla.

10/ Aiki dai bai tsaya ba. Ƙungiyarsa ta Slum Village, shi da T3 da Baatin. "The Light" ta Common da "Didn't Cha Know" ta Erykah Badu, duk a 2000. Sai Champion Sound shi da Madlib a 2003, kowa na rera baiti kan kiɗan ɗan'uwansa.

11/ Shi ya sa nake jin wani iri in na ga sabuwar waƙa daga Kano ko Kaduna ko Jos: hoton mawaƙi ya cika fosta, an gode wa mai ɗaukar bidiyo, an gode wa mai ɗinki, amma wanda ya raba dare a situdiyo yana haɗa kiɗan ko a ƙasan rubutu babu shi. An ba shi na data, an wuce.

12/ Kada wani ya ce ai suna ba abinci ba ne. A wannan harka da suna ake bin kuɗin waƙa in ta yi kasuwa, da shi kuma mawaƙi na gaba zai nemo ka. Dilla ya yi fama da wata cutar jini mai wuyar sha'ani, asibiti ya ci kuɗi, ya bar bashi a baya.

13/ Donuts ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, ranar da ya cika shekara 32. Kiɗa 31, gajeru-gajeru, babu mawaƙi ko ɗaya a kai. Wannan karon ba wanda zai tsaya a gabansa. Bayan kwana uku ya rasu a Los Angeles.

14/ MPC3000 ɗinsa yanzu tana gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian a Washinton. Ku sa abin kunne ku saurari "Runnin'", ku bar baitin tukuna, ku bi gangar kawai. In kun dawo ku rubuto mini sunan wanda ya haɗa kiɗan waƙar Hausar da kuka fi ji a satin nan, in kun san shi.