Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

A cikin kalmomin da zamani ya shigo mana da su a nan Nijar, ban san wadda ta kai "babu rezo" ɓata wa mutum rai ba. Ana jin ta a banki, ana jin ta a gidan aika kuɗi, ana jin ta a tashar mota wajen yankar tikiti. Ma'aikaci yana zaune, kwamfutarsa a kunne, kuɗi cike da akwatinsa, kai kuma ga lambarka a hannu, amma ya dube ka ya ce ba zai iya biyanka ba. Yawancin masu bugo mini waya a shirin safe suna ɗaukar maganar a matsayin ƙarya ko wulaƙanci. Ni kuwa aikin rediyo ya haɗa ni da masu kula da waɗannan na'urori, na yi ta damunsu da tambaya har na gane bakin zaren. Ina ganin ya kamata kowa ya san shi, don kuɗinmu da saƙonninmu da takardunmu duk sun rataya a kansa.

Abu na farko, kwamfutar da ke gaban ma'aikacin nan ba ta riƙe da lissafin kuɗinka. Taga ce kawai ake leƙawa ta cikinta. Lissafin yana can cikin rumbun bayanai, a kan wata babbar kwamfuta da ake ce wa uwar garke, wadda za ta iya kasancewa a Yamai, ko a Abijan, ko ma a Faransa. A ce ɗan'uwanka da ke aiki a Agadas ya aiko wa mahaifiyarku sefa 50,000 zuwa Tasawa. Shi ya yi amfani da manhajar salularsa, ma'aikacin Tasawa yana duba kwamfutar tebur, mai kamfani kuma yana bin lissafi ta shafin intanet daga ofishinsa. Tagogi uku ke nan, amma rumbu ɗaya suke kallo. Da zarar an rubuta abu a cikinsa, duk ukun za su gani.

Rumbun nan kansa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin kayen mai shago: layi-layi, nan suna, nan kwanan wata, nan adadi. Wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, shi ya tsara wannan hanya ta jera bayanai cikin jadawali a 1970, kuma har yau a kanta manyan rumbuna irin su MySQL da PostgreSQL suke tafiya. Ana yi musu magana da wani yare na musamman mai suna SQL.

Sai dai manhajar da ke hannunka ba ta shiga rumbun da kanta, kamar yadda mai saye ba ya kutsawa cikin sito ya ɗebo kaya. Akwai yaron shago a tsakani, masu sana'ar suna ce masa API. Shi ke tambaya ko kai wane ne, ya duba kalmar sirrinka, ya ga abin da aka yarje maka ka taɓa, sannan ya shiga ya ɗauko maka. Dalili kuwa a fili yake. In aka saka mabuɗin rumbu cikin manhajar da dubban mutane suka sauke a salularsu, wani mai wayo zai farke ta ya zaro mabuɗin, daga nan lissafin kowa ya zama nasa. Haka kuma saƙon da ke kai-komo a hanya ana murɗa shi yadda in wani ya tare ba zai iya karantawa ba.

To, me ya sa ma'aikaci ba zai biya ka ba, ya rubuta a takarda, in rezo ya dawo ya shigar? Saboda lambar da ka nuna masa a Tasawa, wani zai iya nuna irinta a Maraɗi bayan minti goma. In babu rumbu ɗaya da zai ce "an riga an biya wannan", sai a biya sau biyu, kuma a albashin ma'aikacin za a cire. Dokar rumbun kuɗi ita ce aiki ya kammala gaba ɗaya ko a fasa shi gaba ɗaya: ba a yarda a cire daga wannan asusu ba tare da ya shiga wancan ba. Saboda haka yaron nan da ake zagi a bayan gilashi ba shi da laifi. Kuɗi na nan, rijiya ta bayar, igiyar guga ce ta tsinke.

Igiyar kuwa doguwa ce. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, manyan wayoyin intanet kuwa ta ƙarƙashin teku suke bi su fito a garuruwa irin su Kwatano da Legas da Abijan, daga can a jawo su ta tudu har su iso mu. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda cikin zaren gilashin nan, shi ya sa tambayarka ke zuwa Turai ta dawo kafin ka ƙifta ido sau biyu, har ka manta da nisan. Ranar 14 ga watan Maris na 2024, a kwanakin farko na azumi, aka tuna mana. Wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, gyaran kuma ya ɗauki makonni.

A gidan rediyonmu abin ya same mu ta wajen sanarwa. Da can a kaye muke rubuta sanarwar aure da suna da rasuwa da cigiya. Daga baya aka kawo mana manhaja: wakilanmu na kasuwanni da ƙauyuka su shigar da sanarwa ta salula, ta fito mini a allon ɗakin watsa shiri. Ranar nan allo ya yi ta juyi babu komai. Wani wakili ya bugo mini kai tsaye ya ce, "Malam, akwai rasuwa, bayan la'asar za a kai ta." Na ɗauki alƙalami na rubuta a bayan takardar labarai, na karanta. Waɗanda ba su bugo ba, nasu sanarwowin suka maƙale a hanya, ba su fito ba sai bayan an rufe mamatan. Akwai dangin da ta rediyo kaɗai suke jin irin wannan labari, kuma jana'iza ba a maimaita ta.

Ba igiyar teku kaɗai ke tsinkewa ba. Eriyar salula da kuran take aiki, kuma mun ga yadda aka sha a watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali daga can mafi yawan kuran ɗinmu ke zuwa. Shi ma rumbun na nesa ba ya fi ƙarfin ƙaddara. Ranar 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka ɓace a dare ɗaya, waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka yi asarar da ba ta dawowa.

Kada mai karatu ya ɗauka kira nake a koma wa kaye. Na ga kayen da gara ta ci, na ga wanda ruwan damina ya jiƙa har tawada ta narke, kuma kaye mutum ɗaya ke karanta shi a lokaci guda. Abin da nake cewa shi ne a ɗinka mana riga daidai jikinmu. Kuɗi dole sai an tambayi rumbu nan take, wannan na yarda. Amma sanarwa, da rajistar ɗalibai, da ƙidayar yaran da aka yi wa rigakafi, duk za su iya jira cikin salula. Kowace wayar Android tana ɗauke da ɗan ƙaramin rumbu mai suna SQLite. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, da DHIS2 ta Jami'ar Oslo wadda ma'aikatan lafiya ke amfani da ita a ƙasashe da yawa har da tamu, suna karɓar bayani ko babu rezo, su adana, in ya dawo su tura. Haka mai kula da na'urorinmu ya sa aka gyara mana tamu daga baya: kwafin sanarwar rana yana zama a kwamfutar gidan rediyo, ta rasuwa kuma tana iya zuwa ta gajeren saƙon waya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sauran magana ita ce ta mallaka. Sunayenmu da lambobin wayarmu da hotunan katin shaidarmu suna kwana a rumbunan da ba mu san inda suke ba. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido, amma mutum nawa suka san suna da haƙƙin tambaya? Ina sa rai ga aikin zaren gilashin da ke ratsa Sahara don haɗa mu da Aljeriya da Najeriya da Cadi, da kuma gina wuraren ajiyar bayanai a cikin gida. Babu dalilin da zai sa saƙo daga Damagaram zuwa Tawa sai ya leƙa Turai tukuna.

Kafin nan, duk mai shago ko shugaban makaranta ko na asibiti da aka zo a sayar masa da manhaja, ina ba shi shawarar ya yi tambaya uku kafin ya miƙa kuɗi. A ina bayanaina za su riƙa kwana, kuma wa ke iya ganinsu? In rezo ko kuran ya ɗauke na yini biyu, da me zan yi aiki? Ran da muka rabu, za ka ba ni kwafin komai a hannuna? In mai sayarwa ya fara inda-inda, a bar shi ya tafi da kayansa. Allah ya tsare mana amanarmu a duk inda aka ajiye ta.